Mata Da Kujerar Kansila: Ƙuri'a Ta Samu, Kujera Ta Gagara

A shekarar 1976 ne, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, matan Arewacin Nijeriya suka sami ikon jefa ƙuri'a, alhali takwarorinsu na Kudu sun sami wannan dama tun a shekarun 1950. Ba a banza aka samu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri da duka saboda neman wannan haƙƙi.

To, ƙuri'a dai ta samu, amma kujera ta gagara. Ranar zaɓe mata ne ke cika layi tun da hantsi, amma in aka leƙa majalisun ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, da ƙyar a ga mace a kan kujerar kansila, balle ta shugaba. Babu dokar da ta hana su. Al'ada ce ta tare hanya.

Babban tarnaƙi shi ne maganar asali. In mace ta nemi takara a garin mijinta, sai a ce baƙuwa ce, aure ya kawo ta. In ta koma garin mahaifinta, sai a ce ai ta yi aure ta tafi. Ta haka sai ta tashi ba ta da mazaɓa ko ɗaya. Sannan kuma manyan jam'iyya sun saba yanke shawarar wanda za a tsayar a taron dare, lokacin da matar aure ba ta fita. Wadda ta yi ƙarfin hali ta halarta kuwa, sai a bi ta da ƙazafi, a ɓata sunanta da na gidansu, har mijin da ya ba ta izini ya janye.

Masu fakewa da addini ya kamata su tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba wanda ya ce ta keta haddi.

Asarar kuwa ta kowa ce. Ƙaramar hukuma ce ke da hannu a kan asibitin shan magani, da rijiya, da kasuwa, da makarantar firamare, kuma mata ne suka fi kowa sanin inda waɗannan suka lalace.

Saboda haka wajibi ne jam'iyyu su mai da tarurrukansu da rana, su kuma amince mace ta yi takara a inda take zaune. Manufar gwamnati ta 2006 ta yi wa mata alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. In za a cika shi, daga mazaɓa ya kamata a fara.