Injin da Muka Tayar a Zaure

A hutun da ya wuce muka sayo matattun janareto biyu, ƙanana, daga wani bakanike a Kaura Namoda. Muka ɗauko su a bayan babur zuwa Moriki, muka baje su kan tabarma a zaure, mu da yara uku na ajinmu. Nufinmu mu ta da inji ɗaya mai rai daga gawa biyu.

Kada mai karatu ya ce ƙera shi muka yi. Maƙeri zai yi maka fartanya, amma fistan da silinda sai injin gyaran ƙarfe. Mu dai zaɓa muka yi, muka wanke, muka sa sabon ringi, muka ɗaure.

Irin wannan inji bugu biyu yake yi, na mota kuwa huɗu. Fistan ya hau, ya matse fetur da iska, fulogi ya ba da wuta. Ya sauko, ya buɗe ramuka a jikin silinda, hayaƙi ya fita ta wannan, sabon fetur ya shigo ta wancan. Ba bawul ko ɗaya. Wani Bature, Joseph Day, shi ya fito da wannan fasali a Ingila wajen 1891. Abubuwa uku kaɗai ke motsi a cikinsa: fistan, da sandarsa, da karanshaf. Shi ya sa yaro ɗan shekara 13 zai iya gane shi.

To, amma ba shi da tukunyar baƙin mai. Cikin fetur ake zuba masa mansa, kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 ga lita guda. Mu malamai muka yi awo da ido. Bai daɗe da tashi ba fistan ya ciji silinda. Sai da muka koma Kaura.

Kuskure na biyu ya fi muni. Saboda hunturu muka tura ƙofar zaure yana aiki. Nan da nan kai ya soma sara, ƙaramin yaron ya ce jiri yake ji, muka fita a guje. Iyaye, akwai guba cikin hayaƙin nan wadda ba ta da wari ko launi, ta kuwa sha kashe iyali duka cikin barci. A ajiye inji waje, nesa da taga, ko ana ruwa, ko ana tsoron ɓarawo.

Yanzu yana bayan katanga, yana ba mu fitila uku don karatun dare. Awon mai kuwa mun bar wa yaron nan da ya fāɗi lissafi bara. Da sirinji yake auna shi, ba ya kuwa yarda kowa ya taɓa.