Kafin ka yi mafarkin Zanzibar, tambayi mai kwale-kwale rigar kariya

Duk mai data a Bakori ya taɓa cin karo da bidiyon nan ko irinsa a TikTok: ruwa shuɗi garau, jirgin katako an ɗaura masa ƙaton farin ƙyalle iska na tura shi, ba inji ba hayaƙi. Zanzibar ce, a Tanzaniya. Sai a sauka a ɗan tsibirin Changuu a yi hoto da manyan kunkuru, da yamma a dawo kasuwar Forodhani a ci gasasshen kifi a kora da ruwan rake mai citta. Mu kuma muna zaune a majalisa, ƙurar motocin masara na bulbule mu, muna rubuta "Allah Ka kai mu."

Amin. Amma ruwan rake dai? Mu da ake karya mana rake a bakin gona?

Tsibirin ma muna da shi, har da sunansa na Hausa: gungu. A Yawuri ta Jihar Kebbi, Gungawa sun daɗe da zama a gungunan Kogin Kwara, suna su, suna noman albasa da shinkafa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta cinye wasu, har da tsibirin Foge, amma mutanen ruwa suna nan, kuma bikin Rigata na tseren jirage shaida ne. Wanda ya ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a can, ko aka ɓare masa bandar tarwaɗa tana tiriri da yaji, wallahi ba zai yi wa Forodhani kallon ƙyashi ba. Gaskiya hanyar ba ta kwanciyar hankali ba ce a wannan zamani, ba kuma za mu ce wa kowa ya rufe ido ya kama ta ba. Shi ya sa yawancinmu inda ƙarfinmu ya kai shi ne ruwan kusa da gida, irin dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye a yankin Funtua, ko Zobe can wajen Dutsin-Ma.

To a nan maganarmu take. Ranar Sallah ko bayan ɗaurin aure, samari da 'yan mata da ƙannensu kan nufi bakin ruwa a ɗan zaga da su. Kwale-kwalen mutum goma sai a cusa ashirin, don mai shi yana lissafin kuɗin rana ɗaya. Wani ya miƙe tsaye zai ɗauki bidiyo, sauran su karkata gefe guda don su fito a hoto. Mu 'yan tudu ne, a cikin goma da wuya ka samu biyu da suka iya iyo, su ma a kududdufi suka koya.

Mun ga ƙarshen irin wannan. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A watan Mayun shekarar, wani ya nutse a kusa da Warra ta Kebbi da gomman 'yan kasuwa. A ƙaramar Sallar 2022 abin ya zo cikin jiharmu, a Mai'aduwa, yara ne suka tafi. Ita kanta Zanzibar ɗin, a Satumbar 2011 jirgin Spice Islander da aka yi wa lodin wuce kima ya nutse a hanyar Pemba da ɗaruruwan mutane. Wannan ba ya fitowa a bidiyon.

Za a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, amma ba mu taɓa ganin wanda ya cire birkin babur don ya yarda da ƙaddara ba.

Hukumar NIWA ta wajabta sa rigar kariya, ta hana lodi da tafiyar dare. Sai dai jami'anta ba sa tsaye a bakin kowane dam. Masu unguwanni da shugabannin masunta da ƙananan hukumomi su ne a kusa, su ya kamata su rubuta adadin fasinja a jikin kowane kwale-kwale, su tanadi riguna kafin Sallah ta zo. Ƙungiyoyinmu na matasa da ke iya tara kuɗin rigunan ƙwallo a mako guda, su ma za su iya sayen goma su ajiye wa mai jirgi.

Kai kuma da za ka hau, ƙirga mutanen da idonka. In ba riga, in rana ta faɗi, in an ce "matsa kaɗan, saura mutum biyu," janyo hannun ƙaninka ku koma wurin mai suyar kifi. Karfasa ce, da zafinta, a ce ta ƙara yaji.