Tafiyar ɗan wasa, nauyin gida duka

Kirkisoy unguwa ce ta birnin Yamai. Tana ƙetaren kogin Isa, a ɓangaren da Zabarmawa ke kira Haro Banda. Mutanenta da yawa suna noman shinkafa a bakin kogi. Waɗansu suna lambu, waɗansu suna kiwon shanu suna sai da nono. Da la'asar, in an tashi daga lakwal, yara sukan taru a fili su buga ƙwallo. Wannan wasa ba ya cin kuɗi: duwatsu biyu sun isa raga, ƙwallo ɗaya ya ishi yara ashirin.

Amma in yaro ya gwanance aka ɗauke shi cikin ƙungiya, sai al'amari ya sake. Daga ran nan wasa ya zama tafiya, tafiya kuwa kuɗi take ci.

Tafiya ta farko ita ce ƙetare kogi. Manyan filayen wasa suna cikin gari, kamar filin Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 1989. Dole yaron Kirkisoy ya bi ta gada, kamar Gadar Kenedi ta 1970 ko gada ta biyu ta 2011. In da ƙafa ya tafi, ya gaji tun kafin a fara horo. In faba-faba ya shiga, sai an biya zuwa da dawowa.

Tafiya ta biyu ita ce zuwa gasa a wata jiha. Daga Yamai zuwa Doso kilomita wajen 140 ne. Zuwa Maraɗi ya fi 600, zuwa Damagaram wajen 900. Ga kuɗin mota, ga guzuri, ga masauki. Ga kuma takalmin wasa, ƙafar yaro kuwa girma take, takalmin bara ba ya shiga bana. In ya ji rauni, sai an sayi magani.

Daga ina kuɗin nan ke fitowa? Uba ya sai da buhun shinkafa, uwa ta kwashe adashinta. Akwai kuma abin da ba a ƙirgawa da dala. Ranar dashe ko ranar yankan shinkafa, in ɗan wasa yana kan hanya, ƙanensa ne zai yi aikin mutum biyu. Ƙanwarsa ta haƙura da sabon zane. Shi ma yana biyan nasa: kwana uku a hanya, darasin kwana uku ke nan ya wuce shi.

Don haka waɗansu iyaye sukan hana ƴaƴansu wasa sam. Sun yi gaskiya da suka ji tsoron ɗawainiya, amma hanawa ba ita ce magani ba. Wasa yana ƙarfafa jiki, yana koya wa yaro bin doka da haƙuri in an cinye shi. Tafiya kuma tana nuna masa ƙasarsa. Issaka Dabore, ɗan dambe, ya kawo wa Nijar lambar tagulla daga wasannin Olimpik na Munik, a Jamus, a 1972. Abdul Razak Issufu Alfaga ya samo lambar azurfa ta tekwando a Riyo, a ƙasar Birazil, a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Da an tsare su a gida, da ƙasa ba ta san su ba.

Sai dai a lura: tsakanin lambar farko da ta biyu shekara 44 ce. Masu wasa dubbai ne, masu cin abinci da wasa kaɗan ne. Saboda haka bai kamata gida ya zuba dukan abin da yake da shi bisa ƙafar yaro ɗaya ba. A 2020 kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shiga Kirkisoy ya rushe gidaje ya cinye gonaki. Irin wannan rana ce ake ajiye hatsi dominta.

Abin da ya fi shi ne a yi lissafi tun kafin yaro ya shiga ƙungiya. Mai horarwa ya zauna da iyaye, ya faɗa musu tafiya nawa za a yi a shekara, da abin da za su biya. Kada a taɓa abincin gida, kada a ci bashi. Manyan tafiye-tafiye a bar su sai lokacin hutun lakwal.

Kokowar gargajiya ta nuna hanya. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, ɗan kokowa yana tafiya ne cikin ayarin jiharsa, da sunan jiharsa. Haka ya kamata a yi wa yara. Wanda ya tafi da sunan unguwa, unguwa ta kama masa: a kafa asusu, ƴan kasuwa da tsofaffin ƴan wasa su zuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta haka ɗan talaka ma zai samu tafiya, mace ko namiji.

Iyaye su kuma yi hattara da masu zuwa su ce a ba su kuɗi su kai yaro Turai. Dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana kai ɗan wasa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa ƴan sharuɗɗa kaɗan.

Shi kuma yaro yana da nasa nauyi. Ya kula da takalminsa, ya je horo kan lokaci, ya kwafi darasin da ya wuce shi, ya shiga gona ranar da ba wasa. Ya tuna da cewa mutanen gida duka ne suka biya kujerar da ya zauna a mota.

Tambayoyi

1. Me ya sa wasan unguwa ba ya cin kuɗi?
2. Waɗanne abubuwa ne ake biya in za a je gasa a wata jiha?
3. Wane aiki ne ke faɗawa kan ƙannen ɗan wasa?
4. Yaya unguwa za ta taimaki ƴan wasanta?