Cajar Motar Lantarki a Gida: Amsa ga Wani Ɗan'uwa



A wannan fitowa filin namu zai amsa wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga wajen birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda yake zaune da iyalinsa. Ya sayi motar lantarki ta hannu, kuma da yake gidansa ba shi da gareji, kullum da dare sai ya zuro waya ta ƙarƙashin ƙofar shinge ya jona motar a bakin titi. Wata safiya ya makara, ya zare kan wayar daga jikin mota, ya bar ta nan yashe, ya tafi aiki. Ko da ya dawo da la'asar, babu caja babu alamarta. Tambayarsa guda ce: wane irin kwaɗo zai saya?

Za mu ba shi amsa, amma sai ya yi mana haƙuri, domin wasiƙar tasa ta nuna mana haɗari biyu, shi kuwa guda kawai ya gani, kuma ƙaramin ne.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, cajar tafi-da-gidanka doguwar waya ce mai kauri. Kanta ɗaya yana shiga soket na bango, wanda a nan muke kira piriz, ɗayan yana shiga jikin mota, a tsakani kuma akwai ɗan akwati da yake daidaita wutar, ya kuma yanke ta idan ya ji matsala. Mai kyau takan kai euro 200 ko fiye, wato sama da jikka 130 na sefa. Abu mai wannan daraja, wanda yake shiga jaka, lalle ba a barinsa a bakin titi.

Galibin motocin Turai suna amfani da kan waya da ake kira Type 2, wanda Tarayyar Turai ta tsayar a shekarar 2014. Alherinsa shi ne motar da kanta take riƙe shi, ba ya zaruwa sai mai mota ya buɗe. Ke nan da dare, lokacin da ɗan'uwanmu yake fargaba, cajarsa tana kulle. Da rana ne, bayan mota ta tafi, ta zama ta kowa. Tsofaffin motocin Japan, irin su Nissan Leaf na farko, suna da wani kai dabam, Type 1, kuma a jikin maɓallinsa galibi akwai ɗan rami da aka yi domin ƙaramin kwaɗo. Da yawa suna da shi ba su taɓa lura ba.

Akwai kuma masu yanke waya domin jan ƙarfen da yake ciki. A Amurka kamfanin Electrify America ya ƙirga wayoyi 129 da aka yanke masa a watanni biyar na farkon 2024, shekarar da farashin jan ƙarfe ya haura dala 11,000 kowane tan. Sai dai waɗancan manyan wayoyin tashoshin caji ne. Ta gida jan ƙarfenta kaɗan ne, ɓarawo ya fi son ta lafiyayya domin ya sayar. Saboda haka dabarar ita ce a hana ta ɗaukuwa ɗungurungum: a kafa zoben ƙarfe a bango, a sa kwaɗon da zai haɗa zoben da wayar tsakanin akwati da kan da yake shiga mota, ta yadda babu ɗayansu da zai iya wucewa ta ciki. A rubuta lambar da take bayan akwatin, a ɗauki hotonta, a tambayi kamfanin inshora ko yarjejeniyar ta haɗa da caja. Idan an gama, a naɗe ta a sa a bayan mota. Minti biyu ne. Dabarar nan ta taka waya da tayar mota, wadda wasu suke yabawa, mu dai ba mu yarda da ita ba, domin nauyin mota yana murƙushe wayoyin ciki alhali bayan yana nan sumul.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Ɗan'uwan ya ambata, kamar ba wani abu ba, cewa soket ɗin da yake jona motar shi ne na bayan ƙofar kicin, kuma da yake wayar ba ta kai ba, yana ƙara mata wayar ƙari irin mai naɗi. A nan ne gabanmu ya faɗi.

Wannan caja takan ja amfiya 8 ko 10. Amfiya 10 a kan bolt 230 kilowat 2.3 ke nan, daidai da butar dafa ruwa mai ƙarfi. Amma buta minti biyar take yi ta mutu, mota kuwa kwana take tana ja. Batir mai kilowat-awa 40, idan ya ƙare ƙaf, yana bukatar fiye da awa 17 kafin ya cika ta wannan hanya. Soket ɗin da haƙoransa suka saki, ko aka ɗaura wayarsa sako-sako tun shekaru ashirin, zai yi ta ɗumi a hankali cikin bango, a daidai lokacin da kowa yake barci. Wayar ƙari da aka bari a naɗe ta fi wannan muni, domin zafinta ba ya samun hanyar fita. Gwajin mai sauƙi ne: bayan awa guda da jonawa, a taɓa soket da bayan hannu. Idan ya yi zafi, ko ya canza launi, ko ana jin ƙaurin roba, a kashe wuta nan take.

Maganin shi ne a kira ƙwararren mai aikin lantarki ya ja wa motar layinta na kanta daga allon wutar gida, da soket mai ƙwari wanda aka yi domin wannan aiki, kamar Green'up na kamfanin Legrand, da na'urar yanke wuta ta miliamfiya 30, wadda take ceton rai idan wuta ta bi jikin mutum. A Faransa, tun 2017, duk abin da ya wuce kilowat 3.7 sai mai takardar shaida ta musamman ne zai haɗa shi. Akwatin cajar kuma a rataye shi a bango, kada a bar shi yana lilo da nauyinsa a bakin soket, kada kuma ya kwanta inda ruwa yake taruwa. Batun shimfiɗa waya a hanyar masu tafiya a ƙasa, a fara tambayar ma'aikatar magajin gari, a kuma tuna da makaho da tsohuwa da mai tura keken jariri.

A nan gida, Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, waɗannan motoci ba su yawaita ba tukuna, amma wanda yake niyyar kawowa ya san cewa wurinmu yana da nasa hali. Zafin watan Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, kuma akwatin caja idan ya gasu a rana yakan rage aiki ko ya tsaya, don haka inuwa yake so. Ƙasarmu busasshiya ce, sandar wayar ƙasa ba ta kamawa da kyau sai an zurfafa, kuma cajoji da yawa ba sa yarda su tashi idan babu ita. Za a sami mai gyaran da zai ce zai yi wa na'urar wayo ta daina ƙorafi. A sallame shi. Idan an ɗauke wuta, a zare caja har ta dawo ta daidaita. Kuma a tsakar gidanmu akwai yara masu rarrafe, akwai akuya, akwai ɓera, dukansu kuwa waya tana jan hankalinsu.

Saura magana guda ga mazauna gidan haya masu mita ɗaya. Awa takwas na caji kilowat-awa 18 ne, abin da firjin gida yakan yi kwanaki kafin ya sha. Raba wannan kuɗi daidai da maƙwabcin da fanka da ƙwai biyu kawai yake kunnawa cin haƙƙi ne, ko da bai yi magana ba. A sa wa motar ƙaramar mitarta.

Ɗan'uwanmu na Liyon kuwa, kwaɗon da ya tambaya kowane mai taurin baki wanda ba ya tsatsa zai yi. Amma kafin ya sayi sabuwar caja, muna roƙonsa ya sa a kwance soket ɗin kicin a duba bayansa, ya rubuto mana abin da aka gani.