Tabkin Cadi Bai Ari Sunansa Wurin Kowa Ba

Har yau akwai ajin da ake koya wa yara cewa Turawa ne suka “gano” Tabkin Cadi a shekarar 1823, wasu ma su ƙara da cewa daga ƙasar Cadi tabkin ya samo suna. Duka biyun kure ne, kuma abin kunya ne a ji su a bakin malamin da ya tashi a ƙasar Damagaram.

Ƙasar ce ta ari sunan tabkin. Kalmar ta Barebari ce, ma'anarta babban ruwa, don haka mai cewa “Tabkin Cadi” tamkar ya ce tabkin tabki ne. Faransawa sun tarar da ita a bakin mutane, suka rubuta ta Tchad bisa ƙa'idar harshensu, suka laƙaba wa yankin da suka mallaka, wanda ya sami 'yanci a 1960.

Batun ganowa kuwa ya fi ban haushi. Lokacin da Denham da Clapperton da Oudney suka tsaya a gaɓar ruwan, Shehu Laminu ya riga ya kafa Kukawa kusa da shi tun 1814, Damagaram kuma tana bin Barno, manzanninta na kai gaisuwa can. Me aka gano a wurin da masunta ke kwana, makiyaya ke shayar da shanu? Denham ya so ya raɗa masa Waterloo, don tunawa da yaƙin da aka karya Napoleon a 1815. Sunan bai ko kama ƙasa ba, domin ruwan yana da masu shi.

Illar ba ta tsaya a Cadi ba. Ga tabkin Gidimuni nan cikin yankin Damagaram Takaya, mai dabino da rake, amma allon hanya da littafin makaranta Guidimouni kaɗai suka sani, ko da yake tun 1999 Nijar ta tsai da ƙa'idar rubuta Hausa. Yaro na furta sunan garinsu daidai a gida, ya je lakkwal a tilasta masa rubutun baƙi. Dattawan da suka riƙe labarin waɗannan sunaye suna ƙarewa, ƙungiyoyin al'adu kuwa sun fi ba da ƙarfi ga wasan kalankuwa bisa ga zama gabansu da alƙalami da na'urar ɗaukar murya.