Raddi ga masu cewa wasan Arthur Miller ba namu ba ne

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a majalisun 'yan boko a Sakkwato, har da nan Sabon Gari, game da Death of a Salesman, wasan kwaikwayon da Arthur Miller ya rubuta aka fara nunawa a birnin New York ranar 10 ga Fabrairu, 1949. Masu ra'ayin sun ce ɓata lokaci ne a karantar da shi ga ɗalibanmu, kuma sun kawo hujjoji uku. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: wai alamtarwar da ake cewa tana cikin wasan ƙirƙirar malaman adabi ce. Iri iri ne, safa safa ce, sauran duk ƙari ne.

Amsa: marubuci ba ya maimaita abu a banza. Willy Loman, ɗan shekara 63, wakilin kamfani ne mai yawon tallan kaya. Duk lokacin da ya ga matarsa Linda tana ɗinke tsohuwar safa, sai ransa ya ɓaci, ya hana ta. Mai kallo ba ya gane dalili sai can gaba, inda aka nuna shi a ɗakin otal a Boston yana ba wata mata sababbin safa, ɗansa Biff kuma ya riske su. Daga ranar yaron ya daina ganin girman ubansa, ya watsar da karatu. Wanda ya ɗora safar nan a hannun matar gida, ya sake ɗora ta a hannun matar waje, shi ne Miller, kuma ya san abin da yake yi. Haka iri. Ranar da aka kori Willy daga aiki, da dare ya fita bayan gida da tocila yana karanta rubutun jikin ƙunshin irin karas da latas, yana awon ƙasa da ƙafa, alhali dogayen benaye sun kewaye gidan sun tare rana. Manomi ba ya bukatar malamin jami'a ya fassara masa mutumin da ke shuka cikin duhu a inda ba abin da zai tsiro. Dattijo ne da ya waiga bai ga abin da zai bar wa 'ya'yansa ba.

Hujja ta biyu: wai jigon wasan ciwon Amurka ne, jari-hujja da burin dare ɗaya, mu kuwa muna da zumunci da tawakkali.

Amsa: a 1983 Miller da kansa ya je Bejin ya shirya wasan da harshen Sinanci, a ƙasar da ta yi shekaru ba ta san ɗan tallan kamfani ba, kuma masu kallo suka gane Willy sarai, domin sun san uban da ya ɗora wa ɗansa buri fiye da ƙarfinsa. Mu da kasuwanci ya zama gadonmu mun fi su kusa da shi. Aƙidar Willy ita ce farin jini ya fi aiki. Ya raina Bernard, yaron maƙwabta mai naci a karatu, ya yi dariya lokacin da Biff ya ɗauko ƙwallo daga makaranta ba da izini ba. Bernard ya zama lauya mai tsayawa gaban Kotun Ƙoli, Biff yana da shekara 34 ba sana'a, hannunsa kuma bai daina ɗauke-ɗauke ba. Kamfanin da Willy ya yi wa bauta fiye da shekara 30 ya yanke masa albashi ya bar shi da la'ada, sannan ɗan maigidan ya sallame shi. Kowane mako yana karɓar dala 50 wajen maƙwabcinsa Charley ya kai gida a matsayin abin da ya samo, amma da Charley ya ba shi aiki, girman kai ya hana shi karɓa. A zaga rumfunan Sabon Gari a tambayi dattawa ko ba su san yaron shagon da ya tsufa a hidimar maigida aka sallame shi hannu biyu ba, ko magidancin da ke cin bashi don kada a ce ya karye. Zumuncin da ake tinƙaho da shi ma yana cikin wasan, Charley ne. Willy ne ya ƙi shi.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: wasan ya ƙare da kashe kai, abin da addininmu ya haramta, don haka wai yana ƙawata shi.

Amsa: haramcin kashe kai ba abin jayayya ba ne. Abin tambaya shi ne ko wasan ya yabe shi. Willy ya yi lissafin cewa kuɗin inshora dala 20,000 za su tayar da Biff, kuma za a yi cincirindo a jana'izarsa. Tun kafin ya aikata, wansa Ben, wanda yake gani a ruɗinsa, ya gargaɗe shi cewa kamfanin inshorar na iya ƙin biya, ɗan kuma zai ɗauke shi matsoraci. A bakin kabari ba kowa sai iyalinsa da Charley da Bernard. A ranar ce Linda ta biya kason ƙarshe na bashin gidan, maigidan kuwa ba ya nan. Biff ya fito fili ya ce burin ubansa kuskure ne tun daga tushe. Marubucin da ke son ƙawata abu ba ya tsara masa ƙarshe irin wannan. Da ambaton saɓo yabonsa ne, da mai wa'azin da ke ba da labarin Ƙaruna ya zama mai kiran mutane ga alfahari da dukiya.

Akwai gaskiya guda a bakin masu wannan ra'ayi: ba daidai ba ne ɗalibi ya san Miller bai san Abubakar Tunau ba, wanda Wasan Marafa nasa ya fito a shekarar 1949 ɗin nan, ko Shu'aibu Maƙarfi mai Jatau na Kyallu. Maganin wannan shi ne a karantar da su tare, ɗalibi ya auna yadda kowannensu ya yi wa jama'arsa gargaɗi daga kan dandamali. Cire Miller ba zai ƙara wa Tunau mai karatu ko ɗaya ba, zai dai hana ɗan ɗan kasuwa karanta wasan da ya fi kowanne bayyana masa haɗarin gina gida a kan suna da bashi.