Bidiyon da Ke Cikin Wayarka Kaɗai Bai Zama Naka Ba Tukuna: Darasi Daga Tsohuwar Na'urar DVD Mai Ɗaukar Shiri

Kwanakin baya ƙanwata ta kira ni tana neman bidiyon bikinta na shekarar 2019. Ta ce, "Yaya, don Allah duba wajenka, nawa ya tafi da wayar da aka ƙwace." Na duba. Filash ɗin da mai ɗaukar bidiyo ya ba mu ba a san inda ya shiga ba, shi kuma ya ce tuni ya goge nasa don ya samu wurin wani aikin. Abin da ya rage mana guntaye uku ne da aka tura a zauren WhatsApp na dangi, kowanne bai kai minti biyu ba, fuskoki duk sun dushe.

A makon ne kuma na je gidan Kawu, na tarar jikokinsa suna kallon bikin babban yayanmu na 2006. Faifan DVD ne, an rubuta kwanan wata a bayansa da maka. Sa'a biyu cif, ga marigayiya Kaka zaune tana sa albarka da muryarta. Bikin da ya kusa shekara 20 yana nan, na shekaran jiya ya ɓace. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wayoyinmu sun fi na'urorin iyayenmu iya ɗaukar hoto nesa ba kusa ba, amma sun raba mu da wata ɗabi'a da tsohuwar na'ura take tilasta wa mai ita, wato ware abin da ke da daraja a fitar da shi zuwa inda zai dawwama.

Wace na'ura ce wannan?

Da yawan masu karatu ba su taɓa ganinta ba, domin ko a zamaninta ba ta yaɗu a gidajenmu kamar bidiyo mai kaset ko na'urar kallon faifai ba. An fi samunta wajen masu ɗaukar bidiyon biki da ma'aikatan gidajen talabijin, sai ɗaiɗaikun da suka sayo ta a gwanjo. A ido kamar DVD ɗin da kuka sani take, sai dai a cikinta akwai had dis irin na kwamfuta, sannan tana iya rubutu a kan faifai, ba karantawa kaɗai ba.

Asalinta Japan ne. Kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, faifan DVD ya shigo kasuwa a 1996, sai Pioneer ya fitar da na'urar gida mai rubutu a faifan DVD a ƙarshen 1999. A 2001 Toshiba ya haɗa biyun wuri guda, had dis da marubucin faifai, a samfurinsa RD-2000. Daga nan Panasonic da Sony da Pioneer da sauransu suka cika kasuwa da irinta, masu ma'adanar gigabait 80, 160, 250 zuwa sama.

Aikinta mataki biyu ne. Na farko, ka saita mata lokaci ta ɗauki labarai ko wasan ƙwallo daga talabijin kana can wajen aiki, ko ka jona mata kyamara ko bidiyo mai kaset ta wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, komai ya sauka a ma'adanar ciki. A nan za ka iya yanke tallace-tallace, ka raba shirin babi-babi, ka sa masa suna. Kana ma iya fara kallon shiri daga farko alhali tana kan ɗaukar ƙarshensa. Mataki na biyu, ka zaɓi abin da ya cancanta ka kwafe shi a faifai.

Faifai ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka. A mafi kyawun hoto, wanda ake rubutawa XP, kimanin sa'a 1 zai ci. A SP sa'a 2. A LP sa'a 4. A EP sa'a 6 ko fiye, amma hoton ya koma kamar ana kallo ta cikin hazo. Ka ga ke nan dole mutum ya zauna ya yi lissafi: wanne zan ajiye, kuma da wane inganci? Bayan ya gama sai ya rufe faifan da umarnin da ake kira Finalize, domin in bai yi haka ba, wata na'urar ba za ta karanta shi ba. Faifan DVD-R da aka rufe ba ya goguwa. Yaro ba zai latsa wani abu bisa kuskure ya share shi ba, mai gyara ba zai yi masa filashin ba.

Abin da waya ta ɗauke mana

Mai irin wannan na'ura ya san had dis zango ne, ba gida ba. Idan ya cika dole a rage, kuma kafin a rage sai an fitar da na fitarwa. Mu kuma yau wuri ɗaya ne zangon, shi ne gidan, shi ne kuma abin da muke yawo da shi a aljihu cikin kasuwa da adaidaita sahu. Duk wanda ke zaune a manyan biranenmu ya san wani da aka ƙwace wa waya, ko wadda ta faɗa ruwa, ko wadda ta mutu aka ce sai an goge komai kafin ta tashi.

Wani zai ce ai ya ɗora a intanet. To, bari mu duba. Abin da ka sa a sitatus ɗin WhatsApp sa'a 24 ne rayuwarsa. Bidiyon da ka tura ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, wanda ya karɓa ba ainihin abin da ka ɗauka ya samu ba. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos ne suke raba su. Tun ranar 1 ga Yunin 2021 ya daina ajiyar hotuna kyauta marar iyaka. Daga Disambar 2023 kuma ya fara aiki da ƙa'idar cewa zai iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Ka tuna da wannan idan ka tuna asusun wani ɗan'uwa da ya rasu ba wanda ya san kalmar sirrinsa.

Kada a ɗauka manyan kamfanoni ba sa asara. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekaru sun salwanta yayin sauya musu ma'adana. Miliyoyin waƙoƙi ne suka tafi. Wanda yake da kwafi a gida ya tsira, wanda ya dogara da dandalin ya rungumi ƙaddara.

Misalin da ya fi burge ni ma a ƙasarmu ya ƙare. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryenta don ta sake amfani da su, har wasu sassan shahararren wasan nan Doctor Who suka ɓace daga ma'ajiyarta. A 2013 aka sanar da gano sassa 9 da aka fitar da rai da su. A ina? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos, inda kwafin da aka aiko shekaru aru-aru yake ajiye. Gidan da ya shirya wasan ya rasa shi, kwafin da ke wani wuri daban ne ya cece shi.

Inda na'urar ta gaza

Na san masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma suna da hujja. Ba ina kira ne a koma sayen wannan na'ura don ɗaukar shirye-shiryen yau ba. Hotonta na tsohon ma'auni ne, ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye a tsarin PAL da muke amfani da shi, alhali wayar da ke hannunka tana ɗaukar 1920 da 1080 ko sama. Galibinsu ba su da ƙofar shigar HDMI, sai ta fita kawai. Masu tsohon tsarin kama tasha ba sa kama tashoshin dijital sai an biyo ta dikoda. Sa'a ɗaya ta bidiyon waya mai kyau na iya fin ƙarfin faifai guda.

Faifan ma ba dutse ba ne. Yana karcewa, kuma sinadarin da ake rubutu a kansa ba ya shiri da zafi da hasken rana, balle irin zafinmu na bazara. Faifai mai arha na iya daina karantuwa cikin 'yan shekaru. Had dis ɗin cikin na'urar kuma ba ya son ɗauke wuta da dawo da ita bagatatan, sannan da yawansu suna ajiye bayanai ne da tsarin kamfaninsu, ta yadda in na'urar ta mutu ba za ka zare shi kawai ka jona a kwamfuta ka kwashe ba. Waɗanda suka bar komai a ciki ba su kwafa a faifai ba, irin asararmu ta yau suka yi.

Wannan aibin nata ma hujjata yake ƙarfafawa. Faifan Kawu ya rayu ne saboda ya kwafa uku, ya ba iyayen ango, ya ba iyayen amarya, ya ajiye ɗaya a akwati. Dabarar ce ta yi aiki, na'urar ta dai sauƙaƙa ta.

Akwai kuma abin da ta fi na'urorin yau da shi, wato mallaka. Wasu dikodojin tauraron ɗan'adam masu ɗaukar shiri suna kulle abin da suka ɗauka, ba ya fita daga cikinsu. Fim ɗin da ka sauke a manhajar kallo yana da wa'adi, kuma yana tafiya da kuɗin wata. A Amurka sai da aka je Kotun Ƙoli a 1984, a shari'ar Sony da kamfanin fina-finai na Universal, kafin a tabbatar cewa mutum na da damar ɗaukar shirin talabijin a gida don ya kalla daga baya. Yau ba kotu ce ta hana ba, an dai ƙera na'urorin ne yadda ba za ka riƙe komai ba. Ba satar fasaha nake karewa ba. Kowa ya san yadda masu buga faifan jabu suka durƙusar da 'yan fim ɗin Hausa. Maganata a kan abin da yake naka ne: bikinka, sunan ɗanka, saukar karatun ƙanenka, hirar da aka yi da mahaifinka a talabijin.

Da tsohuwar zuma ake magani

Akwai aiki ɗaya da har gobe wannan na'ura ke yi da kyau, kuma lokacinsa yana ƙurewa. A gidaje da yawa akwai kaset-kaset ɗin VHS na auren iyaye, da dawowa daga Makka, da hawan salla. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da danshi da ƙura. Funai, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016, don haka na'urorin da suka rage raguwa kawai suke yi.

In ka samu mai aiki a gwanjo ko wajen tsohon mai ɗaukar bidiyo, ka jona bidiyo mai kaset a ƙofar shigarta, ka ɗauka zuwa had dis a XP ko SP, ka yanke wuraren da babu komai, ka kwafa a DVD-R, ka rufe faifan. Kaset na sa'a 2 sai ya cinye sa'a 2 cur, babu gaggawa. Ka fara gwadawa da kaset ɗin da ba shi da muhimmanci, kada na'ura mai datti ta tauna maka na auren Baba da Umma. Daga nan ka kai faifan kwamfuta ka kwashe fayilolin, domin faifai ma zango ne yanzu. Kaset ɗin kuma kada ka yar.

Ga abin da ke cikin waya kuwa, ka aro ɗabi'ar. Sau ɗaya a wata ka zauna ka ware bidiyon da in ya ɓace za ka yi kuka. Ba su da yawa, za ka gani. Masana ajiyar bayanai suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan nau'in ma'adana 2 daban-daban, 1 daga ciki a wani wuri ba gidanka ba. Misali ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a had dis na waje, ɗaya a intanet ko gidan yayarka. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, wato ta wajen Document, don kada a matse shi. Ka sa wa fayil suna da kwanan wata. In ka ɗauki mai bidiyo a biki, ka karɓi ainihin fayilolin a makon, ka kwafe su kafin filash ɗin ya fara yawo hannu-hannu. Kuma wani amintacce a gida ya san inda ajiyar take da yadda ake buɗe ta.

Ƙanwata tana da 'ya yanzu. Wata rana za ta tambayi yadda bikin mamanta ya kasance, za a nuna mata minti biyar masu dishi-dishi. 'Ya'yan babban yayanmu kuwa sun san muryar Kaka, ko da yake ba su riske ta ba. Don gobe ake wanke tukunya, jama'a. Kafin ka rufe wannan shafin, buɗe ma'ajiyar hotunan wayarka ka zaɓi bidiyo ɗaya da ba shi da kwafi a ko'ina, ka fara da shi yau.